Abin da aka tattauna kan saita tawadar firinta don negetif na dijital

Negetif na dijital hoto ne da ake bugawa da firinta a kan fim mai garai-garai, a ɗora shi kan takardar da aka shafa wa magani mai jin haske, a haska. Na tattaro abin da aka faɗa kan yadda ake saita tawadarsa, musamman don sayanotaif (hoto mai launin shuɗi) da filatinom (hoton da ake yi da maganin ƙarfen filatinom).

1. Kowa ya yarda a fara gano lokacin haska takarda kafin a taɓa tawada. A rufe rabin takardar mai magani da Pictorico (fim ɗin da ake buga negetif a kai) wanda ba a buga komai a kansa ba, a haska da UV (haske irin wanda ke cikin rana, ido ba ya ganinsa) ana ƙara lokaci mataki-mataki. Mafi ƙarancin lokacin da ɓangarorin biyu suka yi duhu iri ɗaya, shi za a riƙe.

2. Duhun tawada a ido ba shi ne tare UV ba. Tawada mai launin ruwan ɗorawa kan tare shi sosai, shuɗi kuma ya bar shi ya wuce.

3. A buga tsanin toka (jerin launin toka daga fari zuwa baƙi) mai mataki 21 a kan fim, a juye kamar a madubi, domin ɓangaren tawada ya kwanta a kan maganin takarda lokacin haskawa. A bar negetif ya kwana ya bushe. Sayanotaif ɗin da aka fitar da negetif ɗin ma sai ya kwana kafin a auna duhun matakansa, domin shuɗinsa na ƙara duhu. Nan ne masu gaggawa ke ɓata lissafi.

4. Tawada ta yi yawa, sai ta taru ta yi ɗigo-ɗigo, ƙananan ƙafafun firinta masu jan fim su bar sawu a jikinsa.

Inda aka rabu: wasu sun tsaya kan Curves (abin daidaita haske da duhun hoto) na Photoshop don sauƙi. Wasu suka ce manhajar sarrafa firinta ta QuadToneRIP a firintar Epson ya fi, tunda kowace tawada ana iyakance ta daban. An kuma yi saɓani kan baƙar tawada mara sheƙi: tana tare haske, amma tana gogewa daga fim.

Canza takarda ko magani, sai a sake gwajin daga farko.