"Da babu gara ba daɗi": a bakin wa ta dace?

Matafiyi: Assalamu alaikum. Wannan karin magana ce ta haɗa ni gardama da yayana a kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, inda muka bi hanyar Marangu, wadda ake kwana a ɗakuna maimakon tanti. A zangon Mandara, wajen mita 2,700, ɗakunan katako ne a cikin kurmi, ga ruwan famfo, ga wutar sola, haka ma a zangon Horombo, sai dai shi ba a cikin kurmi yake ba. Da muka isa Kibo, kusan mita 4,700, sai muka tarar da ginin dutse mai sanyi kamar cikin randa, gadaje masu hawa biyu a jere, kuma babu ruwa sai wanda 'yan dako suka hauro da shi a jarka. Na yi ƙorafi, sai Yaya ya ce da babu gara ba daɗi. Ni kuwa na ce maganar ba ta hau kan abin da mutum ya biya da kuɗinsa ba.

Malamin Firamare: Wa'alaikumus salam. Yayanka ya fi ka gaskiya, domin a Kibo babu rafi babu itace, kuma ba wanda ke zuwa can don barci, tunda da tsakar dare ake tashi a nufi ƙololuwar Uhuru mai mita 5,895. Kuɗinka ba zai haifar da ƙorama a kan tsakuwa ba.

Jikar Fatake: Malam, ka yi mini haƙuri. Kakata ta bi ayarin fataken goro zuwa Gwanja tana yarinya, kuma ta sha ba mu labarin wani zango da suka sauka da damina, bukkar tana yoyo har sai da suka kife ƙwarya a kan garinsu, suka kwana a tsugune. Da safe mai masaukin ya zo karɓar kuɗinsa yana cewa da babu gara ba daɗi. Madugu ya ƙirga masa rabin kuɗin a tafin hannu, ya maimaita masa maganar daidai yadda ya faɗe ta. Takan ce baƙo ne ke faɗinta don ya rarrashi zuciyarsa, amma a bakin mai masauki rashin kunya ce.

Ɗan Kasuwa: Ashe jikokin mai masaukin nan ne suke zuwa unguwarmu duk bayan shekara huɗu su buɗe famfon da ba ya kawo ruwa.

Malamin Firamare: Hajiya, ai Yayan baƙo ne shi ma, saboda haka labarin kakarki ni ya goya wa baya.

Matafiyi: To, amma shi ne ya kwana a gadon ƙasa, nesa da taga, da bargona a kansa.