Furotin ɗin madarar shanu zai iya kare mace daga HIV?

Malam Sani: Jama'a, ni har yanzu ina kan bakana: an yi watsi da abu mai amfani. Tun 1996 Neurath da Jiang na cibiyar jini ta New York suka wallafa a mujallar Nature Medicine cewa furotin beta-lactoglobulin na madarar shanu, in aka sarrafa shi da sinadarin 3-hydroxyphthalic anhydride, yana tare CD4, ƙofar da HIV ke bi ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki. Ga arha, ga yawa. Me ya hana a yi man da mace za ta saka kafin saduwa?

Anti Binta: Malam, a ɗakin gwaje-gwaje aka ga haka, ba a jikin mace ba. Sarrafawar nan cajin lantarki na negatif take ɗora wa furotin, kuma magungunan da suka dogara da wannan cajin an gwada su a kan mata. Carraguard, mata sama da 6,000 a Afirka ta Kudu, sakamakon 2008 bai nuna kariya ba. PRO 2000, mata sama da 9,000, a 2009 haka. Cellulose sulfate ma dakatar da gwajinsa aka yi a 2007 saboda fargabar yana ƙara haɗari. Duk sun yi kyau a kwalba. Maniyyi kansa yana rage musu ƙarfi.

Habu: Don Allah Anti, kenan wanke gaba da madara ba ya wani abu?

Anti Binta: Ko kusa, ƙanena. Madarar da ba a sarrafa ba ba ta da wannan aikin. Kada wanda ya gwada.

Malam Sani: Na ji, amma faɗuwar waɗancan ba hujja ba ce a kan wannan. Kuma ki tuna matar da ba ta isa ta ce wa mijinta ya sa kwaroron roba ba. Ita nake wa magana.

Hajiya Ladi: Nan kam ina tare da kai, Malam. Matan da ke cikin wannan halin ba su da iyaka. Sai dai tausayin ne ya sa aka yi ta fata a kan nonoxynol-9, maganin kashe ƙwayoyin maniyyi, ƙarshe aka gano yawan amfani da shi yana ƙuje fatar farji, cutar ta ƙara samun hanya.

Anti Binta: Kuma matar nan tana da abin riƙewa yanzu. Zoben maganin dapivirine, da take sakawa a farji da kanta duk wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2021. Ya rage kamuwa da kusan kashi 30 cikin 100. Allurar lenacapavir sau biyu a shekara, a gwajin PURPOSE 1 na 2024 ba mace ɗaya da ta kamu cikin sama da 2,000 da aka yi wa.

Malam Sani: In ta kai gare su. Kuɗin fa?

Anti Binta: To a kan kuɗin ya kamata mu ɗaga murya, Malam, ni ma ina ciki.