Wa ya taɓa ƙara ko rage girman fatishan a Linux? A kawo labari

Ɗan Ƙofar Kaura:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kwana kan wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, mai Ubuntu (wani nau'in Linux). Na ƙara wa faifanta gigabait 20, umarnin lsblk mai nuna faifai ya ga ƙarin, amma df -h mai nuna wurin ajiye fayiloli ya kafe a kan tsohon girma. Sai wajen asuba na gane fatishan, wato yankin faifan, kaɗai na faɗaɗa da growpart, ban taɓa ext4, tsarin fayilolin da ke ciki, ba. resize2fs /dev/sda1 ya gama komai nan take, ko kashe ta ban yi ba. Wa ya taɓa shan irin wannan?

Mai gyara, Daura:
Wa alaikumus salam. Kai ka sha da sauƙi, ƙari ne. Ragewa ita ce mai sa gumi. Bara wani malami ya kawo laftof yana so a yanka wa Windows wuri. Da gaggawa na rage fatishan da fdisk tun ban rage ext4 ba, kamar ka matso da katanga alhali kaya na cikin ɗaki. Kwamfuta ta ƙi tashi, ga takardun digirinsa na biyu a ciki, ga shi zaune yana kallona. Abin da ya cece ni, na rubuta lambar farkon fatishan a takarda. Na mayar da shi yadda yake, sannan na bi tsari: umount, e2fsck -f, resize2fs, fdisk daga ƙarshe. Har yau bai san abin da ya faru ba.

Injiniya, Sabuwar Unguwa:
Ni ana tsakiyar ragewa aka ɗauke wuta. Da ta dawo, sai ƙorafin superblock, wato inda ext4 ke ajiye bayanan tsarinsa. e2fsck -b 32768 ya ɗauko kwafinsa na ajiya, faifai ya buɗe, amma fayiloli da yawa sun tare a lost+found da lambobi maimakon suna. Kwana biyu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in inbata ba ta cika ba, ba na farawa.

Ɗaliba, Batagarawa:
Yayyena, ni tsarin fayiloli na XFS na samu, ba ext4 ba. xfs_growfs yana ƙarawa, amma na rasa yadda zan rage.

Mai gyara, Daura:
Ƙanwata, XFS ba ya raguwa. Kwashe kayanki zuwa wani faifai, ki yanka sabon fatishan, ki mayar. Gigabait nawa ne a ciki?