Wai CIA ce ta rubuta wa Scorpions waƙarsu?

Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kwana ina sauraren wani shiri a waya. Ashe waƙar nan ta Scorpions mai farawa da fito, Wind of Change, ba su suka rubuta ta ba. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ta rubuta ta miƙa musu don a rusa Tarayyar Sobiyat. Ni dai na gamsu.

Anti Rabi: Wa'alaikumus salam. Kai Auwalu, komai aka ba ka sai ka haɗiye ba tauna. Su waye ma Scorpions ɗin?

Malam Habu: Jamusawa ne, Anti, 'yan birnin Hanofa. Rudolf Schenker ya kafa ƙungiyar tun 1965. Kiɗansu irin na jitar lantarki ne da ganguna, mai neman fasa dodon kunne, amma wannan waƙar a sanyaye take. Mawaƙinsu Klaus Meine ne ya tsara ta. Ta fito cikin faifansu Crazy World a Nuwamba 1990, sannan suka sake ta ita kaɗai a Janairu 1991. Shirin da Auwalu yake nufi na wani ɗan jarida ne, Patrick Radden Keefe, kashi takwas, ya fito a 2020. Auwalu, ka kai ƙarshensa kuwa?

Auwalu: Ina kashi na biyar, Malam.

Malam Habu: Shi ya sa. Tushen zancen, abokinsa ne ya ji daga wani tsohon ma'aikacin hukumar, shi ma wani ne ya faɗa masa. Wane ya ce wane ya ce. Ya yi ta bin diddigi bai samu takarda ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ya zauna da Meine ido da ido ya tambaye shi, mutumin ya yi dariya ya ce sam.

Auwalu: To da ma zai ce e ne? Kuma da aka nemi bayani wajen CIA cewa suka yi ba za su tabbatar ba, ba kuma za su musanta ba. In babu rami me ya kawo maganar rami?

Malam Habu: Wannan amsar tun shekarun 1970 suke ba da ita. Ko tambayarsu ka yi ko su suka ƙirƙiro kilishi, da wuya ba ita za ka samu ba.

Yaya Bilki: Ku dakata, kada a yi wa yaron nan taron dangi. Zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. CIA ta zuba kuɗi a asirce cikin wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom, mai tallafa wa mujallu da marubuta, asirin bai tonu ba sai wajen 1966 da 1967. Har ƙungiyar marubuta ta Mbari da ke Ibadan ta samu tallafinta, alhali marubutan ba su san daga ina kuɗin ya taso ba. Kuma a 2014 hukumar da kanta ta saki takardun da suka nuna ta sa an buga littafin Doctor Zhivago da Rashanci an riƙa cusa wa 'yan Sobiyat. Wanda ya yi wannan, waƙa ce za ta gagare shi?

Auwalu: Allah ya ƙara girma, Yaya!

Kawu Sale: Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ni ina karatu a Mosko lokacin da abin ya faru. A Agusta 1989 aka yi babban bikin kiɗa na kwana biyu a filin wasa na Lenin, su Scorpions da Bon Jovi da Ozzy Osbourne duk sun hau dandamali. Ban je ba, kuɗin ɗalibi bai kai nan ba, amma abokin ɗakina ya je, ya dawo muryarsa a dishe, kwana uku yana magana kamar tsohon agwagwa. Meine ya ce abin da ya gani a wannan zuwan ne ya haifi waƙar, don shekara guda kafin nan da suka zo, a Leningirad kawai suka yi wasa. Yanzu ku lissafa da ni. Katangar Balin, wadda ta raba ɓangaren 'yan gurguzu da na Yamma a Jamus, ta faɗi 9 ga Nuwamba 1989. Jamus ta haɗe 3 ga Oktoba 1990. Waƙa ta fito bayan duk wannan. Ihu bayan hari ke nan. Bilki, maganarki gaskiya ce, sun aikata waɗancan, amma waɗancan akwai takarda, wannan babu.

Abin da ya ci Tarayyar Sobiyat mun gan shi da idonmu. Ka shiga kanti ka tarar da kanta wayam, sai mai sayarwa tana zaune ta rafka tagumi. Ka ga layi ka shiga tukuna, sannan ka tambayi na gabanka me ake sayarwa. Ga yaƙin Afganistan, ga farashin mai da ya karye a 1986. Mai jin yunwa ba fito yake jira ba.

Anti Rabi: Ni fiton ne ma ya tsaya mini. Mu da aka hana mu fito da dare wai yana kiran aljanu.

Malam Habu: Ai su ma sun ba da labarin cewa kamfanin faifansu ya so a cire shi, suka ƙi. Sai ga waƙa ta zo ta ɗaya a Jamus, ta biyu a Birtaniya, ta huɗu a Amurka. Har da Rashanci suka rera ta.

Auwalu: To Kawu, manajansu fa, Doc McGhee? Ya amsa laifi a shari'ar safarar wiwi, bai yi zaman gidan yari ba, sai ga shi yana shirya biki a Mosko. Haka kawai?

Kawu Sale: Nan kam ka taɓo wuri, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Amma ko da an yi wata yarjejeniya a kan bikin, ina ta haɗu da wanda ya zauna ya rubuta baiti? Kuma a Disamba 1991 shugaban Sobiyat Gorbachev da kansa ya karɓe su a fadar Kremlin, kwanaki kaɗan kafin ya sauka.

Yaya Bilki: Ni na janye rabi, Kawu. Rabin kuma ina riƙe da shi.

Malam Habu: A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, Meine ya sauya baitocin farko na waƙar, masu ambaton kogin Mosko, a wasanninsu.

Auwalu: Ka gani ko? An sake bugo masa waya!

Kawu Sale: Je ka ƙarasa kashi ukun da suka rage maka, ɗana, gobe bayan la'asar sai mu ɗora.

Anti Rabi: Wani ya turo mini ita don Allah, ƙaramar, data na ta kusa ƙarewa.