Gemun ɗan'uwa da gobarar kurmi

Mai Goro, Agege: Salamu alaikum. Jiya a rumfa muna hirar gobarar dajin Amazon ta 2024, sai na ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Wani ya ce maganar son kai ce, kuma wai kurmin kudu ba ya cin wuta. Ku raba mu.

Malama, Idi-Araba: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Babu son kai a ciki, izina ce. Ba a ce ka bar shi ya ƙone ba, an ce kada ka ɗauka kai ka tsira.

Ɗan Mile 12: Malama, ni kalmar ruwan ce ta tsaya min. A garinmu shekarar da damina ta yi kyau ita ce daji ya fi ci, don ciyawa ta yi tsayi, hunturu ya busar da ita, masu farautar gafiya su kunna. Ashe ruwan ma yana ciyar da wuta.

Malama, Idi-Araba: Gaskiyarka ɗana, amma dajin ciyawa ke nan. A kurmi abin ƙonewa ba ya yankewa, laima ce ke hana shi kamawa. In fari ya daɗe, itatuwa su zubar da ganye, rana ta sauka ƙasa, musamman inda masu katako suka yi sara. Sai wutar sharar gona ta shiga tana rarrafe, ko gwiwa ba ta kaiwa, amma ta kashe manyan itatuwa saboda ɓawonsu ba kauri. Abin da ya fi damuna, wuta ta biyu ta fi ta farko ɓarna, don ta tarar da busassun itace. A Indonesiya, a 1997 da 2015, har ƙasar fadamar da aka janye wa ruwa ta yi ta ci daga ciki, hayaƙi ya rufe Singafo.

Baba, Alaba Rago: Kun tafi nesa, 'ya'yana. A 1983, shekarar da aka kori 'yan Ghana daga nan, sun koma sun tarar da fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko. Wannan gemun maƙwabci ne na kusa.

Mai Goro, Agege: Allah ya saka, Baba. Goronmu daga Shagamu yake zuwa, dajin Omo kuma yana nan Ogun. Gobe zan kira masu kawo min kaya, in ji ko suna share gefen gona kafin su sa wuta.