Abin da muka tsayar a taron iyayen yara kan zafin bazara

Ranar Asabar muka zauna da malamai a gindin darbejiyar makaranta, kuma zancen zafi ne ya cinye taron. A Kano, zafin Afrilu kan haura digiri 40, ajin rufin kwano kuwa da azahar kamar tanda. Aka amince kowane yaro ya zo da gorar ruwa mai sunansa a jiki, a daina dogaro da ruwan ledar da ya wuni a rana a bakin ƙofa.

Wata uwa, ma'aikaciyar jinya, ta daɗe tana jan kunne kan sanƙarau. Yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, to asibiti kai tsaye, ba kemis ba. A buɗe tagogi da daddare, a rage cunkoso a ɗakin kwana. Wannan ya fi tsaya mini a rai, domin ɗakin yarana taga ɗaya gare shi.

An mayar da wasannin motsa jiki safiya. Jarrabawar zango na biyu na tafe, a riƙa zaunar da yara bita bayan Magariba. Masu Adaidaita Sahu da ke kwasar ɗalibai kuma an roƙe su su bar lodin wuce kima.