Ciwon jijiyar fuska ya ƙi jin magani, ina neman shawara kan tiyata

Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan ina fama da ciwon jijiyar fuska a ɓangaren dama, wanda yake fizgata kamar wutar lantarki daga muƙamuƙi zuwa ƙasan ido na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa a yini. Goge baki, tauna, ko iska mai sanyi ta taɓa kuncina, duk suna tayar da shi. Da farko an zaci haƙori ne, har aka cire mini biyu a banza.

Likita ya ɗora ni a kan karbamazefin, na samu sauƙi na wata 10, sannan ciwon ya dawo. Da aka ƙara yawan maganin sai jiri da gani biyu-biyu suka hana ni aiki, gwajin jini kuma ya nuna sinadarin sodiyam ya ragu. An haɗa da gabafentin, bai tsinana mini komai ba sai barci.

Hoton MRI ya nuna jijiyar jini tana danne jijiyar fuskar, don haka an ba ni shawarar tiyata ta bayan kunne domin a raba su, amma haɗarin raunin ji yana tsorata ni. Waɗanda aka yi wa wannan tiyata, shin ciwon ya tafi ɗungurungum, ko ya dawo daga baya?